Barcin da Mma ta yi a gidan makoki

Daga Allah muka zo kuma can za mu koma, sai dai surukata ta riga mu tafiya. Mma muke ce mata, mu da maƙwabta da duk wanda ya taɓa shan kokonta. Ta cika ranar Alhamis da hantsi. Jiya aka yi addu'ar arba'in, an naɗe kanofi, an kwashe kujerun roba, lungu ya koma yadda yake. Abin da kunnena ya kwasa a ƙarƙashin kanofin nan ne ya hana ni zama, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni ba mai fita ba ce. Shekara goma sha tara ina gidan nan na Zongon Kumasi, in ka ga na wuce bakin titi to awo ne ko asibiti. Amma Allah ya ba ni kunne. Ranar rasuwar, tun ba a gama jera kujeru ba, ina tsakar gida ina ɗauraye kofuna ina jin matan da ke zaune a waje.

Wata ta ce, "Allah ya jiƙanta. Da can mutuniyar mutane ce."

Ta kusa da ita ta ce, "Tun da ta dawo Makka ta daina shiga jama'a. Sunan jikata ko leƙowa ba ta yi ba."

Akwai wata tsohuwa Ba'ashantiya mai sayar da borodi, shekara da shekaru suna zama gefe da gefe da Mma a bakin lungu. Ita dai ta rufe fuska da zane tana ta kuka. Sai na ji an rage murya.

"Ƙanwar fa, ta Buokrom?"

"Wa? Ai wannan ko gawar aka kai mata ƙofar gida ba za ta fito ba. Kin manta abin da marigayiyar ta yi mata?"

Na ajiye kofin da ke hannuna. Mma tana kwance a ɗaki an lulluɓe ta, liman ya ce bayan azahar za a kai ta, kuma ba a yi mata wanka ba. Ni na san wadda take so ta wanke ta. Ita da ƙanwarta, wadda muke kira Mma Ƙarama, su biyu kaɗai iyayensu suka bari. Mahaifinsu mutumin Nijar ne, fatauci ya kawo shi Kumasi. Da mahaifiyarsu ta rasu suna 'yan mata, baƙin hannu ne suka wanke ta, su kuwa aka hana su shiga. Tun ranar suka yi wa juna alkawari, duk wadda ta riga mutuwa ɗayar ce za ta wanke ta. Sun sha maimaita shi a gabana. To ga shi ranar ta zo, kuma shekara uku ke nan Mma Ƙarama ba ta amsa ko sallamar yayarta.

Bari in faɗi wace ce Mma kafin a san ta da rashin shiga mutane.

Shekara talatin tana dama koko tana suyar ƙosai. In ta tashi daga kasko sai ta yi wanka ta ɗaura zane ta shiga unguwa. Ba suna, ba biki, ba zaman makoki da za a yi daga nan har Manhyia ba ka ga ƙeyarta ba. Ita ce mai sanin tukunya nawa za ta ishi taro, ita ce mai raba faɗan masu rabon abinci. Ni har na haifi 'ya'ya huɗu Amarya take ce mini. In ta dawo ta same ni a inda ta bar ni, sai ta ce, "Amarya, wata rana sai an zo da gatari an saro ki daga tabarmar nan." Da cikina na fari ya zube, kwana bakwai ba ta kunna wuta a bakin lungu ba. Ta zauna a ɗakina tana gasa mini jiki, duk mai shigowa da surutu ta tare ta a ƙofa ta karɓi gaisuwar ta sallame ta.

Duk Juma'a Mma Ƙarama takan zo. Su zauna a inuwa suna cin goro suna tsokanar juna.

"Yaya, kin ƙara ƙiba. Ranar da zan wanke ki sai na ɗauko 'yan dako."

"Ke dai ki yanke farce. Kar ki zo ki yage ni ina kwance ba bakin rama."

Abin ya fara ne daga waya. Na lura in an kira ta takan sa a kunnen hagu, ta yi tsaki, ta mayar dama. Sannan ta fara cewa akwai injin niƙa a kanta wanda ba a kashewa. Sannan tafiya. Mma da ke ratsa kasuwa da roba a ka, sai na ga tana bin bango da hannu in za ta banɗaki. Duk wannan ba ta damu da shi ba kamar gajiyar. Gajiya ce da ban taɓa ganin irinta ba. Ta kwana lafiya, ta tashi kamar wadda ta wuni tana daka. In ta je suna ta dawo, kwana biyu take yi a kwance, fuska ta yi toka, kana mata magana tana kallon bakinka amsar ta ƙi fitowa. Wata safiya na same ta a gaban kasko, ludayi a hannu, ƙosai ya ƙone ƙurmus, mutane na tsaye, ita kuwa idonta a buɗe amma ba ta da ƙarfin ɗaga hannun. Ba a yi wata biyu ba ta bar sana'ar.

Ni da maigidana, ɗanta na fari, muka kai ta babban asibiti. Aka yi ta turo mu daga wannan ɗaki zuwa wancan, har aka sa ta cikin injin da ke ɗaukar hoton cikin kai. Likitar mace ce, da Ashantanci ta yi mana bayani, Mma kuwa ta fi ni jin sa. Ta ɗaga hoton a haske ta nuna mana wani ɗan farin tabo kamar ƙwayar gyaɗa. Ta ce ƙari ne ya fito a kan jijiyar da ke ɗaukar ji daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa, kuma jijiyar nan ita ke taimakon mutum ya tsaya bai yi tangaɗi ba. Ta ce ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, a shekarunta ba za su taɓa shi ba, sai dai a riƙa ɗaukar hoto ana duba ko ya ƙaru.

Mma ta ce, "'Yata, kurmancin bai dame ni ba, rabin abin da ake faɗa a Zongo gara ma ban ji ba. Gajiyar nan fa?"

Likitar ta ce da yawan masu irin wannan ƙari gajiyar suka fi kuka da ita. Abin da sauran mutane ke yi ba su ma san suna yi ba, tsayuwa da tafiya da tsamo magana daga cikin hayaniya, ita ƙwaƙwalwarta aiki take yi a kansa ba hutu, da kunne ɗaya. Ta ce ta rage shiga taro, ta riƙa hutawa tun kafin ƙarfin ya ƙare.

Mma ta gyaɗa kai. "Ashe dako nake yi ina zaune."

A hanyar dawowa, cikin keken nan mai ƙafa uku da muke ce wa pragiya, ta kama hannuna da na ɗanta. Ta ce ba ta yafe ba in wani ya ji. Maigidana ya ce, "Mma, ciwo ai ba abin kunya ba ne."

Ta ce, "Wa ya ce maka kunya? Ka manta lokacin jinyar babanka? Tun safe ɗaki cike, wannan ya fita wancan ya shigo, kowa da ƙullin maganinsa, kowa sai an tashe shi ya amsa sannu. In Zongo ta ji ina da ƙari a ka, dubiya ce za ta kashe ni. Kuma ba wanda zan iya kora, don ni ma haka na yi wa kowa."

Na ce, "Ko Mma Ƙarama?"

"Ita ce ma ta farko. Wannan in ta sani da safe, kafin azahar har unguwar Suame ta sani."

Haka muka rufe. In an zo gayya in ce ta gode, in aka tambaya in ce tana ciki. Lokacin bai fi shekara da dawowarta aikin hajji ba, sai mutane suka haɗa biyun.

Ana nan sai babban ɗan Mma Ƙarama ya rasu. Makanike ne a Suame, mota ta zamo masa yana ƙarƙashinta. A wurinmu in mace ta yi irin wannan rashi, yayarta ce ke zama a jikinta tun safe har yamma, kwana ukun nan cur. Ita ke amsa ta'aziyya a madadinta, don mai rashi ba ta da bakin magana. Ba wanda zai yi wannan zama sai Mma.

Ta je, ni ma na bi ta. Gida ya cika, waje ya cika, an kafa sifika ana karatu, can mata na kuka, can ana kiran a kawo ruwa. Duk wadda ta durƙusa sai Mma ta juya mata kunnen dama ta zuba wa bakinta ido, ta amsa, wata ta durƙusa. Ina daga gefe ina ganin fuskarta tana canja launi. Ta kai har bayan azahar. Dangin matar mamacin suka shigo, su wajen goma, suka zube a gabansu suna addu'a. Ana cikin shafa fatiha kan Mma ya gangara ya sauka a kafaɗar ƙanwarta. Barci, baki a buɗe. Ɗakin ya yi tsit har aka ji numfashinta.

Na tashe ta na fito da ita. Ta ratsa kujeru tana dafa kafaɗun mutane, ana bin mu da ido.

Washegari ta yi niyya, Allah shaida ne. Ta yi wanka, ta yafa mayafi, na same ta a bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya. Ta ce, "Amarya, bari in ɗan kishingiɗa, minti biyar." Wajen sha biyu sai ga 'yar Mma Ƙarama, matar aure ce da 'ya'yanta, ido ya kumbura. Ta tsaya a ƙofa ta ce uwarta na tambaya ina Yaya, wurin zamanta yana nan ba kowa.

An hana ni cewa ba ta da lafiya. Da na ce zazzaɓi ne, ko na ce ciki, da an wuce wurin. Ban saba ƙarya ba, kuma ban yi tunani ba. Na ce, "Tana barci."

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "To. A bar ta ta huta." Ta juya.

Ranar addu'ar uku Mma ta ja jiki ta je. Ta tarar wata maƙwabciya zaune a wurinta, ba wadda ta matsa. Mma Ƙarama ta ɗago ta ce, a gaban kowa, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Yaya, an tashi lafiya? Ba mu dai tashe ki da kukanmu ba ko?" Mma ta ce, "Allah ya jiƙansa," ta nemi bakin ƙofa ta zauna.

A kan wannan ne kaɗai na taɓa yi wa surukata musu. Na durƙusa na ce ta bar ni in je in faɗa. Ta ce, "Jiya ta binne ɗa. Yau in ce mata yayarta na da ƙari a ka? Bari ta huce." Da aka yi watanni na sake tayar da maganar, sai ta ce, "Yanzu kuma in na faɗa, cewa za ta yi na je asibiti na sayo ciwo don in rufe kunya." Sau biyu tana zuwa Buokrom da kanta, kowace tafiya ta ci mata kwana biyu a kwance. Duka biyun 'yar ce ta fito ta ce mata, "Tana barci." Ranar Juma'a takan sa in shimfiɗa tabarma a inuwa, ta zauna har la'asar, sannan ta ce in naɗe.

Ba ƙarin ne ya kashe ta ba, ina so a san wannan. Hawan jini ne. Ta karya kumallo, ta ce kanta, kafin a kawo mota ta tafi.

To ranar, da na ji maganar matan nan, na shiga ɗakinta na buɗe akwati na ɗauko babban ambulan ɗin asibiti. Maigidana ya tare ni a zaure.

"Ina za ki? Mma ta ce ba ta yafe ba."

Na ce, "Don kar a zo dubiya ta ce. Yanzu wa zai zo dubiya?"

"An aika wa tsohuwar da ke wankan mata, tana hanya. Liman ba zai jira ba, an gama kabari."

"Ku ba ni zuwa kiran salla."

Ya matsa na wuce.

Na sami Mma Ƙarama a tsakar gidanta da kayan zaman gida, tana yanka kuɓewa a faranti. Na yi sallama na durƙusa. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Na ji a waya. Allah ya jiƙan musulmi."

Na ce, "Mma, ba a wanke ta ba."

"Zongo ba ta rasa masu wanka ba."

Na ciro hoton na miƙa mata. Ta ƙi karɓa, sai na ɗaga shi a rana da kaina na sa yatsa a kan farin tabon, na faɗi duk abin da likita ta faɗa, yadda na riƙe shi. Na faɗi ƙosan da ya ƙone, na faɗi takalmi ƙafa ɗaya. Maganar tana fitowa a hargitse. Wuƙar ba ta tsaya ba. Ta kira 'yarta, wadda ta yi makaranta, ta ce, "Duba mini takardar nan. Yaushe aka rubuta ta?"

'Yar ta karanta, ta sake karantawa. Ta ce, "Mma, tun marigayi yayana yana da rai ne. Kusan shekara kafin."

Sai a lokacin ta ajiye wuƙar. Na zaci kuka za ta yi. Ta juyo ta dube ni.

"Ke kin sani ranar da ta faɗo a kafaɗata?"

"Na sani."

"Ranar da na yi mata magana a gaban mutane, kina tsaye, kin sani?"

"Ta hana ni ne, Mma."

"Ta hana ki. Ita mara lafiya ce, kuma tun muna yara kanta kamar dutse. Ke da lafiyarki. Shekara uku kika zuba ido ina zagin mara lafiya, ina sa a kore ta daga ƙofata, kina gida kina shimfiɗa mata tabarma." Ban san wa ya gaya mata zancen tabarmar ba. Ta ce, "Tashi ki fita mini."

Na ce, "Bayan azahar za a kai ta."

"Na ce ki fita."

Na bar ambulan ɗin a wurin na dawo ni kaɗai. Tsohuwar mai wanka tana zaune a ƙofar ɗakin, an ɗumama ruwa an zuba ganyen magarya, likkafani na ninke a kan faifai. Ta ce, "'Yata, ruwa na hucewa." Na ce a mayar da shi kan wuta. Liman ya aiko, maigidana ya leƙo ya dube ni ya koma. Wata daga cikin dangi ta ce riƙe gawa ba kyau, wa ya ba matar ɗa wannan iko? Na tsaya a bakin ƙofar na riƙe labule. Aka sake aikowa. Aka kira salla, na ji maza suna tashi daga kujeru. Tsohuwar ta miƙe ta naɗe hannun riga. Na saki labulen.

Sai na ji pragiya ta tsaya a bakin lungu, surutun ƙarƙashin kanofi ya ɗauke.

Mma Ƙarama ta shigo da zanen da na same ta da shi, ta ɗora mayafi kawai. Ba ta gaida kowa ba. Ta ce wa tsohuwar, "Inna, ki yi haƙuri, nawa ne." Ta wanke hannu. Ta dubi matan da ke tsaitsaye, ta nuna ni da haɓa. "Ke, zo ki zuba mini ruwa."

Abin da aka gani a ɗakin wanka ba a faɗarsa, ni ma ba zan faɗa ba. Na zuba, ta wanke, ba gaggawa, ko da aka ƙwanƙwasa daga waje ba ta waiwaya ba. Sai da ta ɗaure igiyar ƙarshe ta likkafani ta zauna a ƙasa ta dafa ƙafafun yayarta. Ta daɗe a haka. Da maza suka zo ɗauka ta tashi ta gyara mayafi, ta ce mini a hankali yadda ba mai ji, "Ita na yafe mata, Allah ya sa ita ma ta yafe mini. Ke kuma ki ba ni lokaci."

Ta yi zaman kwana ukun a ɗakin Mma, ita ke amsa ta'aziyya. Duk wadda ta durƙusa sai ta gaya mata abin da ke cikin hoton nan, ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaji ba. Wasu sun yi kuka. Wasu sun fita suna cewa ai da an faɗa da sun zo dubiya.

Ya Allah, ka san nauyin da baiwarka ta ɗauka a zaune ba wanda ya gani. Ka sauke mata shi, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da iyayenta. Ka yafe mini amanar da na riƙe har ta yi ɓarna, ka yafe mini kuma ranar da na saɓa ta.

Tun bayan addu'ar bakwai, duk Juma'a nakan hau pragiya in je Buokrom. In yi sallama, ta amsa a taƙaice, in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta in dawo. Sau huɗu ina zuwa ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan amsar gaisuwa ba. Juma'ar da ta wuce, har na miƙe zan tafi, na ji ta ce wa 'yarta, "Ba ta kujera. Rana ta yi zafi."